Yadda Hilux ɗinka za ta ja tirela ta haura tudu

Kun dame ni da tambayar nan, musamman masu bin Hawan Kibo zuwa Jos da kaya, to ga yadda nake yi:

1. Duba littafin motar ka ga iyakar nauyin da take iya ja.
2. Tara kaya masu nauyi gaban tayoyin tirela, kamar kashi 60. In nauyi ya koma baya za ta dinga lilo da kai.
3. Canza baƙin mai.
4. Cire filtar iska ka duba, ƙurar hunturu tana toshe ta inji ya kasa numfashi.
5. Cika ruwan lagireto da sassafe.
6. Auna iskar tayoyi, har na tirela.
7. Sauko giya ta biyu tun kafin hawan ya kama ka, dan Allah kar ka ɗora ƙafa kan kuloci, wallahi na taɓa jin ƙaurinsa a tsakiyar tudu da buhunan masara a bayana.
8. Idonka kan allurar zafi, ta tashi ka faka gefe.

Hattara: kar ka buɗe murfin lagireto inji na tafasa, tururi zai saluɓe maka hannu.

9. Gangara da giyar da ka hau, birki kaɗan kaɗan.