Pandoc da haruffanmu masu lanƙwasa

'Yan uwa masu rubutu da Markdown, ku ɗora Pandoc, manhajar sauya fayil daga wani tsari zuwa wani, a kwamfutarku, kyauta ne. Layin umarni ɗaya ya isa ya mayar da rubutunku Word:

pandoc labari.md -o labari.docx

Daga ƙarshen sunan fayil yake gane abin da ake so, ko HTML ko EPUB.

Wajen PDF ne ake shan wahala. Yawanci da LaTeX ake yi, wato manhajar tsara rubutu don bugawa, kuma injin da Pandoc yake ɗauka da kansa, pdflatex, yakan tsaya cik idan ya ci karo da ƙ, ɗ ko ɓ. Ku ƙara wannan a layin umarnin:

--pdf-engine=xelatex -V mainfont="Charis SIL"

Amma fa ku fara saka Charis SIL ɗin, wato salon haruffa (font), a kwamfuta, in ba haka ba zai ƙi aiki. Don Allah kada ku goge lanƙwasar don neman sauƙi, mai karatu ne zai sha wuya.