Darasi na Bakwai: Ido Ke Kallo, Ƙwaƙwalwa Ke Gani

Wata Juma'a bayan La'asar na tsaya a farfajiyar Harami ina neman ƙanen mahaifiyata da ya zo Umra daga Kano. Mun yi da shi za mu haɗu kusa da Ƙofar Sarki Abdul'aziz. Na fi rabin awa ina raba ido. Ashe Kawu yana gabana, bai fi taku goma ba. Ni ina neman mai babbar riga da hula, yadda na san shi tun ina yaro, shi kuwa ya ɗaura harami, kai ba hula, fari a cikin farare. Sai da ya ce, "Kai ɗan nan, ba ka gane ni ba ne?" sannan na gan shi.

Idona lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru, a ƙwaƙwalwa ya faru.

Yadda gani yake

Haske ne ke faɗawa kan abu, ya dawo ya shiga ido. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya tabbatar da haka a littafinsa Kitabul Manazir, a lokacin da wasu ke cewa ido ne ke fitar da haske. Hasken yana sauka kan wata siririyar shimfiɗa a bayan ƙwayar ido. Daga nan jijiyar gani, mai zare kusan miliyan ɗaya, ta ɗauki saƙon zuwa ƙwaƙwalwa, har ya kai wajen ƙeya. Shi ya sa mummunan bugu a ƙeya kan taɓa ganin mutum ko da ko ƙwarzane bai samu idon ba.

Yanzu kowa ya miƙe hannu ya dubi farcen babban yatsansa. Wurin da ido ke gani tangaran bai wuce faɗin farcen nan sosai ba. Sauran duk dishi-dishi ne. Ido yana ta tsalle daga nan zuwa can, kusan sau 3 a daƙiƙa ɗaya, ƙwaƙwalwa tana harhaɗa abin da ya tsinto, mu kuma mu ɗauka komai muke gani.

Gwaggon birin da ba a gani ba

A 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane wani gajeren bidiyo. Matasa ne ke jefa wa juna ƙwallo, wasu da fararen riguna, wasu da baƙaƙe. Aka ce wa masu kallo su ƙirga sau nawa masu fararen kaya suka miƙa ƙwallo. Ana cikin haka sai wani ya shigo sanye da kayan gwaggon biri, ya ratsa tsakiyar 'yan wasan ya wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Idonsu biyu, ba barci suke ba, hankalinsu ne ke kan ƙirga.

Kada wani ya ce ai rashin ilimi ne. A 2013 an saka ɗan hoton gwaggon biri a cikin hoton huhu, aka ba ƙwararrun likitoci 24 su nemi alamar cuta. Ashirin daga cikinsu ba su lura da shi ba. Wannan ya daɗe yana ba ni tsoro, domin na san sau nawa nake tsallaka titi a Shara Mansur, nan Makka, da waya a kunne.

Abin da za mu yi da wannan

Mai tsallaka titi ya gama wayarsa tukuna. Direba ma haka, kuma ba don gudun tara kawai ba: ko wayar ba ta hannunsa, in hankalinsa ya tafi hira, yana iya kallon yaro a bakin hanya bai gan shi ba. Ku da ke tura keken tsofaffi a ɗawafi da Safa da Marwa, in kuna ƙirga zagaye a zuci, ku riƙa ɗaga kai, don ƙafar wani na iya zuwa gaban taya.

Sai batun ɓata a cikin taro. Wata masaniya mai suna Anne Treisman ta nuna a 1980 cewa abin da ya bambanta da sauran ta fuska ɗaya tak, kamar ja a cikin farare, shi yake faɗo wa ido da kansa. Wanda ya yi kama da na kewaye da shi kuwa, sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da jagororin alhazai ke ɗaga tuta ko laima mai launi a Mina ke nan. Hajiya, in za ki fita da jikanki, sa masa riga mai launin da ke fita daban, ki kuma dube ta da kyau kafin ku bar gida, don ki san abin da za ki nema.

Karatunmu ma haka yake. Tsakanin b da ɓ, ko d da ɗ, ɗan lanƙwasa ne kawai. Wanda hankalinsa bai kai kansa ba sai ya karanta "bata" a wurin "ɓata". Ɗora yatsa ƙarƙashin layi ba abin kunya ba ne, jagora ne ga ido.

Aikin aji

Ɗauki takarda ka rubuta A a hagu, O a dama, faɗin yatsu huɗu tsakaninsu. Rufe idon hagu, ka kafa na dama kan A, ka miƙe hannu, sannan ka matso da takardar a hankali. Akwai inda O zai ɓace. A nan ne jijiyar gani ta fita daga ido, wurin ba ya karɓar haske, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin da farin takarda.

Bayan haka a kwafi wannan jimla, a ja layi ƙarƙashin kowane harafi mai lanƙwasa: Ɗan Baba ya ɓata a ƙofar Harami, Inna ta ɗaga jar laima.

A gida kowa ya rubuta layi uku kan ranar da ya nemi abu ya rasa alhali yana gabansa. Mu zo da shi darasi na gaba.