Darasi na 9: Gano Matsalar Tsohuwar Motar Dizal Mai Shiga Daji

Motocin da ke zuwa Magazin ta Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, daga hanyar Tamale, Bole da Wa, ko daga ƙauyukan koko, yawancinsu tsofaffi ne masu cin dizal: Land Cruiser, Patrol, Pajero, Prado da Discovery. Mai mota kan zo da ɗaya daga cikin koke uku: ba ta ja, tana hayaƙi, ko tana wahalar tashi. Sau da yawa kafin a buɗe bonet har an yanke hukunci cewa kwantirol bod, wato kwamfutar inji, shi ne ya lalace. Yana da tsada sosai, kuma shi ne bai cika lalacewa ba. Fitan kirki, wato makaniki, daga abu mai araha yake farawa.

Fara sanin injin da ke gabanka. 1HZ na Land Cruiser da TD42 na Patrol, dukkansu lita 4.2 masu silinda 6, famfon mansu ba ya bin umarnin kwamfuta. Wutar da famfon ke buƙata ita ce ta ɗan solinod, wato makunnin lantarki da ke buɗe hanyar mai da rufe ta. Amma 1KZ-TE na Prado, lita 3.0, da Td5 na Discovery, lita 2.5 mai silinda 5, kwamfuta ce ke ba su mai.

Tambayi direba: "Masta, da safe take yi ko sai ta yi zafi? A ina ka sha mai na ƙarshe? Ka ratsa ruwa?" Sannan ka tsaya bayan salansa, yaron shago ya taka totur.

Hayaƙi

Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Ciro filtar iska ka ɗaga ta sama. Idan haske bai ratsa ta ba, ta toshe. Ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyar arewa ba sa barin filta ta daɗe. Duba tiyon da ke tsakanin tobo (mai tura wa inji iska) da inji. Tsaga ƙarama ta isa ta zubar da iska, kuma za ka ga jiƙar baƙin mai a wurin. Farin hayaƙi mai yaji a ido dizal ne da bai ƙone ba: hita (mai ɗumama silinda kafin tashi) ta mutu, nozul (mai fesa mai a silinda) na ɗiga, ko taimin ya goce. Idan fari ne mara warin dizal, ruwan lagireto kuma na raguwa, zargi gasket. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, daga ringi ko tobo.

Hanyar mai

Nan aka fi samun cutar, don haka kada ka yi gaggawa. A ƙasan filtar dizal akwai ɗan murfin roba. Sa kwalba mai haske, ka sassauta shi, ka tari kamar rabin kofi. Ruwa ya fi dizal nauyi, zai kwanta a ƙasa. Man jarka na bakin hanya shi ya fi kawo wannan, kuma ruwa yana cin famfo da nozul.

Sai iska. Sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, ka tayar da inji. Idan ka ga kumfa na bi, layin yana shan iska: ko dai tiyo ya tsufa, ko robar filta ba ta zauna ba, ko famfon hannu da ke kan filta ya huje. Motar da ke tashi da safe, ta yi ɗan aiki ta mutu, sai an danna famfon hannu ta sake kamawa, kusan kullum wannan ce matsalarta.

Idan inji na rawa a silo, a injin mai famfon gargajiya sassauta nat ɗin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, da tsumma a kai. Wanda ka sassauta sautin inji bai canza ba, silindarsa ba ta aiki. Kada ka gwada wannan a injin komon rel, wato sabon samfurin da bututu ɗaya ke raba wa duk nozul mai. Matsin mansa ya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, yana huda fata ya shiga jiki.

Wuta

Ɗauko mitar auna wuta. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 idan mota na kashe. Lokacin da ake kik, kada ya sauka ƙasa da 9.6. Inji na aiki, ya kasance tsakanin 13.8 da 14.4, ƙasa da haka duba altaneta da bel ɗinsa. Sa ɗaya bakin mita a kan batir na nagetif, ɗayan a jikin inji, a yi kik. Idan ya wuce 0.5, wayar at, wadda ke haɗa nagetif da jikin inji, ta yi tsatsa. Kwance ta ka goge da sanfefa. At mara kyau kan sa kwamfuta ta yi ta nuna laifin da babu shi.

Hita mai kyau tana nuna kimanin om 1 (ma'aunin turjiyar wuta) a mita. A zafin Kumasi hita biyu na iya mutuwa ba a sani ba, sai sanyin Disamba da Janairu ya tona asiri. Solinod na famfo kuwa, kasa kunne: idan aka murɗa makulli ba ka ji "ƙas" ba, duba fiyus da wayarsa.

Karanta lambar kwamfuta

Motoci masu soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, mashin mai karanta lambar laifi ake jona musu. Tsohuwar 1KZ-TE ba ta buƙatar mashin. A ƙaramin akwatin da aka rubuta DIAGNOSIS, haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, ka kunna makulli ba tare da kik ba, ka ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Biyu, ɗan tsayawa, biyu: lamba 22 ke nan, layin sensar zafin ruwa. Huɗu da ɗaya, 41, layin sensar totur.

Lamba layi take nunawa gaba ɗayansa, wato sensa da waya da soket. Kafin ka aika yaro sayen sensa, gwada ta. Sensar zafin ruwa tana ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauka kusan 300 a digiri 80. Idan ta ba da haka, lafiyarta ƙalau, bi waya. Girgiza wayoyi da hannu inji na aiki; inda sauti ya canza, nan ne.

Td5 tana da halinta. Baƙin mai kan bi cikin wayoyin nozul da ke ƙarƙashin murfin inji har ya kai jan soket na kwamfuta, mota ta fara tsinkewa. Zare jan soket ɗin ka duba. In da mai, canza wayoyin nozul, ka wanke soket da feshin wanke kayan wuta, ka bari ya bushe.

Aikin aji: kowa ya auna batirin mota ɗaya a kashe, lokacin kik, da lokacin da inji ke aiki. Ya rubuta lambobin uku a littafinsa, ya kawo wa malami a zama na gaba.