Yadda ɗalibi zai tsara akwatin imel ɗinsa da folda

Yawancin ɗalibanmu ba don sha'awa suka buɗe imel ba. Rajistar JAMB ce ta tilasta, aka zauna a shagon kafe, mai shago ya buɗe Gmail cikin sauri ya rubuta kalmar sirri a bayan wata takarda. Daga ranar akwatin ya zama bola: rasit ɗin Remita, sanarwar Google Classroom, tallan shagunan intanet, saƙon Facebook cewa wane ya yi sharhi, duk a wuri ɗaya. Ba a damuwa sai ranar da aka ce a kawo rasit ɗin kuɗin makaranta na aji ɗaya kafin a sa hannu a takardar kammalawa. A nan ne ido ke raina fata.

Gyaran bai wuce aikin awa ɗaya ba. Ka samu kwamfuta in da hali. In babu, ka buɗe Gmail a Chrome na wayarka ka zaɓi "Desktop site", domin manhajar waya ba ta ba da damar yin duk abin da za mu yi. Rubutun zai yi ƙanana, amma zai yi aiki.

Kafin ka fara, ka san cewa abin da muke kira folda, Gmail na kiransa lebul. Bambancin ba ƙarami ba ne. A Outlook, saƙo ɗaya folda ɗaya yake shiga, kamar takarda a cikin fayil. A Gmail kuwa lebul tambari ne da ake manna wa saƙo, kuma saƙo ɗaya zai iya ɗaukar tambari biyu ko uku. Idan ka goge lebul, saƙonnin suna nan. Idan ka goge saƙo, ya tafi daga ko'ina.

Mataki na farko shara ce, don ba a jera kaya a ɗakin da ba a share ba. A wurin bincike na sama rubuta category:promotions, ka zaɓi duka, ka ɗan leƙa sunayen masu aikowa ko wani abu mai amfani ya faɗa ciki, sannan ka goge. Ka yi haka da category:social. Masu damun ka da talla kullum, buɗe saƙonsu ɗaya ka danna "Unsubscribe" kusa da sunansu. Sai ka rubuta larger:10M domin ganin saƙonni masu nauyi. Wannan yana da muhimmanci saboda Google gigabait 15 yake ba kowa kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos ne ke raba su. Bidiyon biki da hotunan yawon buɗe ido na iya cinye wurin, kuma idan ya cika sabon saƙo ba ya shigowa, komawa yake wa mai aikowa. Abin da ka goge yana zama a kwandon shara kwana 30 yana cin wuri, don haka ka zubar da kwandon da hannunka.

Mataki na biyu shi ne ƙirƙirar foldojin, kuma a nan ne mutane suka fi ɓata wa kansu aiki. A gefen hagu za ka ga inda aka rubuta "Labels" da alamar + a kusa. Sabon shiga kan ɗauki zafi ya buɗe folda ashirin, kowane malami da tasa, kowace ƙungiya da tata. Bayan mako biyu shi kansa bai san inda ya ajiye komai ba. Ni a ganina biyar sun isa: Darasi, Kuɗi da rasit, Takardun shaida, Tallafi da neman aiki, sai Na gida. Kada ka tambayi kanka wa ya aiko da saƙon. Ka tambayi kanka, ranar da zan neme shi, me zan ce ina nema? Wanda ke neman rasit ba ya tuna ko banki ne ya turo ko ofishin kuɗi na makaranta, rasit kawai ya sani. Takardar shiga makaranta, sakamakon JAMB, bayanan SIWES, da na NYSC idan lokaci ya yi, duk gidansu ɗaya ne, wato Takardun shaida.

A ƙarƙashin Darasi kaɗai nake yarda a yi 'ya'yan folda. Lokacin ƙirƙirar sabon lebul ka sa alama a "Nest label under" ka zaɓi Darasi, ka ba shi lambar kwas, kamar GST 111. Kwasa-kwasan zangon da kake ciki kawai, kuma waɗanda malamansu ke amfani da imel da gaske. Malamin da komai nasa a WhatsApp ta hannun kilas raf yake bi ba ya buƙatar folda. Ɗan aji na ƙarshe ya buɗe wa furojet ɗinsa guda ɗaya, domin gyare-gyaren sufabaiza da babi-babin da aka tura su zauna a jere. Gmail na jera lebul bisa tsarin haruffa, don haka wanda kake so ya zo sama ka sa masa lamba a gaba, misali "1 Furojet". Ka ba kowanne launinsa, ja ga kuɗi, kore ga darasi, yadda ido zai gane tun kafin ka karanta.

Mataki na uku ne zuciyar aikin. Idan da hannu za ka riƙa kai kowane saƙo foldarsa, ba za ka jure ba, jarrabawa na matsowa za ka watsar. Filta ita ce rariyar da ke tace saƙo tun yana shigowa. A ƙarshen wurin bincike ta dama akwai wata alama mai layuka, danna ta. A gurbin "From" sa adireshin mai aikowa. Idan kana son duk abin da ya fito daga makaranta, sa ɓangaren da ke bayan alamar @ kawai, wanda a jami'o'in Najeriya yakan ƙare da edu.ng. Danna "Create filter", ka sa alama a "Apply the label" ka zaɓi foldar. A ƙasa akwai gurbin da ke cewa a yi aiki da filtar a kan tsofaffin saƙonni ma. Kada ka tsallake shi, shi ne zai kwashe maka na shekarun baya a bugu ɗaya.

Gurbi biyu a wannan shafin suna son nutsuwa. "Skip the Inbox" yana sa saƙo ya wuce folda kai tsaye ba tare da ka gan shi ba. Ya dace da rasit da sanarwar banki. Amma kada ka kuskura ka sa shi ga saƙon malami ko ofishin jarrabawa, don ana iya sauya ɗakin jarrabawa kana can ba ka da labari. Su waɗannan abin da ya dace da su shi ne "Never send it to Spam".

Akwai wata dabara ga masu cike fom ɗin tallafin karatu. Idan ka ƙara +tallafi a jikin sunan imel ɗinka kafin alamar @, saƙon zai zo akwatinka kamar kullum. Sai ka yi filta ɗaya, ka sa wannan adireshin a gurbin "To", duk amsar da ta zo ta faɗa foldar Tallafi. Wasu shafukan ba sa karɓar alamar +, a nan sai ka sa adireshinka yadda yake.

Abin da ya rage ɗabi'a ce. Saƙon da ka gama da shi ka danna "Archive". Bai goge ba, ya bar gaban idonka ne kawai, yana nan a foldarsa da kuma "All Mail". Babban akwati, wato "Inbox", ya zama na abin da ke jiran ka yi wani abu a kansa, kamar amsa ko biyan kuɗi ko miƙa aikin gida. Sau ɗaya a mako, ko da yammacin Lahadi ne, ka leƙa Spam, domin gayyatar intabiyu kan ɓata hanya ta faɗa can, kuma bayan kwana 30 Gmail ke goge abin da ke ciki. Duk saƙon da ka tarar yana maka albishir da tallafin da ba ka nema ba, yana tambayar lambar BVN ko kalmar sirri, ka bar shi inda ka same shi.

Idan makaranta ta ba ka imel nata, ka tuna aro ne, ana iya rufe shi bayan ka kammala. Rasit da takardun shaida da furojet ka tura su zuwa naka na kanka tun kana da iko da shi. Naka ɗin ma ka riƙa shiga, domin tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Ka tabbata lambar wayar da ke kan asusun taka ce, ba ta mai shagon kafen da ya buɗe maka ba.