Idan shafinka yana adana bayanai yanzu, an jima ya ƙi

A Gombe nake haɗa shafukan intanet, yawanci na makarantu masu zaman kansu. Kwanakin baya wata makaranta a Tudun Wada ta kira ni kan shafin da malamai ke shigar da sakamakon ɗalibai, wanda wani ya haɗa musu da PHP, harshen rubuta shirin shafi, da MySQL, rumbun da ke adana bayanan. Malama za ta shigar da yara goma lafiya lau, na sha ɗaya allo ya yi fari fat. Shugaban makarantar ya ce min, "Malam, ko dai sabis ne?" Na zauna kusa da malamar ina kallo. Sabis cike yake a wayarta.

Irin wannan matsala tana da ƙa'idar da take bi, kai ne dai ba ka gano ta ba tukuna. Don haka kada ka fara da gyara. Fara da sa shirin ya faɗi abin da ke damunsa. Duk lokacin da tambaya, wato umarnin da shirin ke aika wa rumbun bayanai, ta faɗi, ya rubuta a fayil: ƙarfe nawa, lambar kuskure, ita tambayar, da bayanan da aka cusa mata, ban da kalmar sirri. Ajiye fayil ɗin inda mai buɗe shafi ba zai kai gare shi ba. Tsofaffin shirye-shirye shiru suke yi idan sun faɗi, domin PDO da mysqli, hanyoyi biyu da PHP ke magana da rumbun bayanai, ba sa ɗaga kuskure da kansu sai daga PHP 8.0 ga PDO, daga 8.1 ga mysqli. Idan naka ya girmi haka, kunna ERRMODE_EXCEPTION, saitin PDO mai sa ya ɗaga kuskure, da hannunka.

Bayan kwana biyu na buɗe fayil ɗin. Lamba ɗaya ce ta yi ta maimaituwa, 1064, wato jimlar SQL, harshen da ake rubuta tambayar da shi, ta karye. Na duba sunayen da ke gefenta: Mu'azu, Asma'u, Rabi'u, Sa'adatu. Nan take na gane. Alhamzar da ke cikin sunayenmu ita ce alamar da SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita. Wanda ya rubuta shirin ya liƙa sunan kai tsaye cikin jimlar, sai rumbun bayanai ya karanta "Mu" a matsayin suna, ya ɗauki "azu" umarni ne da bai sani ba. Musa da Hauwa su wuce, Mu'azu ya maƙale. Abin ya ɓata min rai, don wata malama har ta fara rubuta "Muazu" don aiki ya tafi, kuma haka sunan yaro zai fito a takardarsa. Maganinsa shi ne umarnin prepare() da execute(): ka sa alamar tambaya a gurbin sunan, ka miƙa sunan daban. Wannan gyaran ne kuma ke toshe ƙofar da masu kutse ke shigowa ta cikin fom.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne 1366. Idan teburin da rumbun ke jera bayananka a ciki yana kan latin1, tsarin haruffan da bai san masu lanƙwasa ba, Ɗanjuma da Ƙasimu ba za su shiga ba, ko su shiga da alamar tambaya a madadin harafi mai lanƙwasa. Kwafe rumbun ka ajiye tukuna, sannan ka mayar da tebur da haɗin da ke tsakanin shirin da rumbun duka zuwa utf8mb4, tsarin da ya san su.

Idan sunaye ba su nuna komai ba, duba agogo. Kurakuran da suka taru ranar fitar da sakamako, iyaye na ta buɗewa lokaci guda, yawanci 1040 ne: haɗi ya yi yawa. MySQL yana zuwa da iyakar 151, kamfanonin da ke ba da hayar saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, sukan yanke wa kowa ƙasa da haka, sai ka ga 1203 ko 1226. Kafin ka biya kuɗin ƙarin waje, buga SHOW PROCESSLIST a daidai lokacin cunkoson don ka ga tambayoyin da ke gudana. Sau da yawa tambaya ɗaya ce mai nauyi ta tare hanya, kamar tirela a shataletale. Sa EXPLAIN a gabanta don ka ga yadda take neman bayanan. Idan tana karanta tebur kaf don neman ɗalibi ɗaya, yi wa lambar ɗalibi fihirisa, wato index, don ta kai gare shi kai tsaye.

Lamba 2006 tana nufin saba ta katse haɗin. Asalin wait_timeout, lokacin da saba ke jira kafin ta rufe haɗin da ya yi shiru, daƙiƙa 28800 ne, awa takwas, amma masu ba da haya suna rage shi sosai. Shirin da ya buɗe haɗi, ya tafi aika wa iyaye saƙonnin tes, zai dawo ya tarar an rufe. Buɗe sabon haɗi bayan aiken. Hoton fasfo mai nauyi ma yakan jawo ta idan ya wuce max_allowed_packet, iyakar girman abin da ake aikawa a lokaci ɗaya, wanda yake 4MB a MySQL 5.7, 64MB a 8.0.

Ita 1213 kuwa, mutum biyu ne kowa ya riƙe layin teburin da ɗayan ke jira, sai MySQL ya soke aikin ɗaya. Sake gudanar da aikin daga farkonsa. Amma idan kuɗin makaranta ne, sa wa lambar rasit UNIQUE, wanda ke hana lamba ɗaya shiga sau biyu, kafin nan, kada a rubuta biya ɗaya sau biyu.

Da na gama gyaran, na roƙi malamar ta gwada da sunan da na ƙirƙira, Mu'azu Ɗanladi Ƙaraye. Ya shiga daidai. Daga nan muka bi aji-aji muna mayar wa yara alhamzarsu.