Yadda za ka fara gyaran agogo mai wani da hannunka

Jama'a duk mai son koyon gyaran agogo mai wani, wanda ba ya cin batir, don Allah kar ka fara da agogon babanka. Ka shiga kasuwar Kejetia a Kumasi ka nemi tsohon agogon Seiko 5 da ya tsaya, mai araha, inji ne mai haƙuri sosai.

Kayan aiki ba yawa: ƙananan sukurudireba, hantsaki, gilashin ƙara girma na ido da farin faranti. Ka rufe taga ka kashe fanka, musamman da hunturu, ƙura ɗaya tak tana iya tsayar da agogo.

Kafin ka kwance komai sai ka sassauta babban sifirin da ke riƙe ƙarfin agogon a hankali, in ka manta ƙarfin zai fizge ya karya haƙoran giya. Kowane mataki ka ɗau hoto da waya. Ni ranar farko a ɗakina a unguwar Aboabo wani ɗan sukuru ya tsalle daga hantsaki, na durƙusa kan tabarma ina nema har aka kira magariba, shi ya sa yanzu nake shimfiɗa farin ƙyalle.

Wajen mai kuwa nan mutane suke ɓata aiki. Man keken ɗinki ba na agogo ba ne, ka nemi man agogo mai suna Moebius 9010, kuma ɗigon da za ka sa a kan jauharin (ƙananan duwatsun da giya ke juyawa a kansu) da bakin allura, da ƙyar ido zai gan shi, in ya yi yawa malalewa yake ya manne siririn sifirin nan mai kama da gashi, agogo ya dinga gudu.

In agogo yana gudu haka kawai, duba ko ka ajiye shi kusa da lasifika, maganaɗisu ne ya kama shi.