Yadda Ake Kama Jinsin Sunaye a Faransanci da Jamusanci Ba Tare da Ruɗewa Ba

Bahaushe ya riga Bature ɗan Ingila sanin wannan darasi. Mu tun muna goye muke jin "farin gida" da "farar mota", ba wanda ya zaunar da mu ya ce gida namiji ne, mota mace. Turancin Ingilishi kuwa ya yi jinsi uku a da, amma ya zubar da su tun wajen ƙarni na 13, sai "the" guda ɗaya ga kowa. Shi ya sa ɗan Landan yake shan wuya a ajin Faransanci, inda ɗan Maraɗi kunnensa ya saba. Sai dai sabon nan shi ne tarkon.

Mataki na farko, ajiye jinsin Hausa a bakin ƙofa. Rana mace ce a wurinmu, wata namiji. Bafaranshe ya juya su: le soleil namiji, la lune mace. Gida, hannu, tebur da ruwa duk maza ne a Hausa, amma la maison, la main, la table da l'eau mata ne. Wuta tamu mace, le feu namiji. In ka ga sun dace, kamar mota da la voiture, sa'a ce kawai. Abin da ke burge ni shi ne Jamusawa sun bi mu a sama: die Sonne mace, der Mond namiji.

Na biyu, kuma wannan ne ginshiƙin aikin: kada ka taɓa haddace suna tsirara. Ba "maison" za ka rubuta a littafinka ba, "une maison". Ka fi amfani da un na namiji da une na mace, domin le da la sukan koma l' a gaban wasali, jinsin ya ɓuya. Wanda ya haddace l'école (makaranta) da l'arbre (bishiya) bai san komai a kan jinsinsu ba tukuna. Wanda ya haddace une école da un arbre ya gama. Ka ƙara musu sifa ka faɗa da ƙarfi: une maison blanche, un mur blanc. Wannan "sh" ɗin na ƙarshen blanche shi ne zai zauna maka a kunne. Biro biyu, ja da shuɗi, ɗaya na mata ɗaya na maza, suna taimakawa sosai.

Na uku, dubi wutsiyar kalma. Mun san wannan dabara, tunda yawancin sunaye mata a Hausa da "a" suke ƙarewa. A Faransanci masu -tion da -sion mata ne, kamar la nation. Masu -ment da -age da -eau galibi maza ne: le gouvernement, le village, le bateau. Jamusanci jinsi uku gare shi, der na namiji, die na mace, das na wanda ba namiji ba mace ba. Masu -ung da -heit da -keit galibi mata ne, masu -chen kuma galibi das suke ɗauka, har yarinya, das Mädchen, ba ta shiga layin mata ba. In kalma biyu suka haɗu, ta ƙarshe ke mulki: das Haus (gida) da die Tür (ƙofa) sun ba da die Haustür (ƙofar gida).

Na huɗu, ware shafi guda ga masu karya doka. Mu ma muna da su, ga nama da suna da gida, duk maza ne ko da yake da "a" suka ƙare. La page, la plage, une image da la peau duk mata ne duk da wutsiyarsu. Kada ka raina wannan shafi, don wani lokaci jinsi ne ke raba ma'ana: le livre littafi, la livre ma'aunin nauyi, le tour kewaye, la tour hasumiya irin ta Eiffel.

Kullum ka ɗauki sunaye biyar daga abin da ke gabanka a ɗaki, ka saka kowanne a jimla kafin ka kwanta, da safe ka rufe littafin ka sake faɗar su.